Ɗan Girgijen da Ke Bakin Kifi: Yadda Aka Gano Garken Taurari Aka Rarraba Su

 Yau ma tarihi za mu taɓa, sai dai tarihin abin da ke bisa kawunanmu ne.

Ranar 16 ga Maris 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Hugh Clapperton, wanda ya laƙaba wa kansa sunan tafiya Abdullahi, ya shigo Sakkwato ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo. Bayan 'yan kwanaki Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nemi ya zo masa da kayan awon da yake yawo da su. Abin da ya fara buɗewa taswirar sama ce. A littafin tafiyarsa ya rubuta cewa Bello ya san burujai goma sha biyu duka, ya san wasu surorin taurari, ya kuma riƙa kiran taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo karo na biyu a 1826 ya kawo masa littafin Uƙlidisu na lissafin awo da Larabci, sai Bello ya ce ai gidansu sun taɓa mallakar wani da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi.

Ke nan baƙon bai tarar da jahilan sama ba. Tun kafin wannan zama da shekaru tamanin da wani abu, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai kan hisabi da taurari. Har gobe kuma akwai malaman zaure a ƙasar nan da ke ƙidaya shekara da taurari 28, masaukan wata, kowane tauraro kwana 13, guda ɗaya mai suna Jabha kwana 14, su tashi 365 daidai. Da su manomi ke sanin inda damina ta kwana: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, haka dai. Surayya da ke cikin jerin ita ce Kaza da 'Ya'yanta da iyayenmu mata ke nuna wa yara. Wannan lissafin lokaci ne, ilmin falaki. Dabam yake da duba, kuma malamai sun daɗe da raba su. Na faɗi haka ne saboda mu nan da an ambaci tauraro sai wani ya fara neman tsari.

To amma a saman nan da Sarki da baƙonsa suke magana a kai akwai wani abu da babu ɗayansu da ya san ko mene ne. A duk duniya ma ranar babu wanda ya sani tabbas. Sai da aka ƙara shekara ɗari cif.

Na ƙarshe a jerin masaukan wata shi ake kira Baɗnul Huti, wato cikin kifi, domin Larabawan dauri sun ga surar wani babban kifi a wurin. Kusa da shi ta wajen arewa, ƙasa da faɗin dunƙulen hannu in ka miƙe shi, akwai wani ɗan fari-fari, kamar an shafa alli an goge. Ba ya ƙyalli irin na tauraro, ba ya kuma gushewa irin na girgije. Wanda ya fara rubuta shi a littafi shi ne Abdurrahman Assufi, masanin falaki na ƙasar Farisa, a littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964 Miladiyya. Ya kira shi ɗan girgije, ya zana shi a bakin kifin. Da tsurar ido ya gan shi, kuma abin da ya gani kawai ya faɗa. Wannan ɗan girgije shi ne yau ake kira Andiromeda.

Akwai kuma babban ɗan'uwansa da kowa ya sani, farin zanen nan da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe a daren da babu wata. A wannan rubutu zan kira shi Farar Hanya. Girkawa sun ga madara ce ta zube, daga kalmarsu ta madara aka samo sunan galaksi. Larabawa sun ga hanyar masu dakon ƙaiƙayi ce, yana zuba suna tafiya. Kowa da abin gidansu ya kwatanta. Arisɗo ya ɗauka wani tururi ne ke ci da wuta a saman iskar duniyarmu, maganarsa ta yi shekara fiye da dubu tana yawo. Ibnul Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira, ya ƙi yarda. Hujjarsa mai sauƙi ce: abin da ke kusa, in ka sauya wurin tsayuwa sai ka ga ya gusa daga abin da ke bayansa, ita kuwa Farar Hanya ko daga wace ƙasa ka dube ta tana nan tsakanin taurarin da ka sani. Sai a 1610 Galileo na ƙasar Italiya ya ɗora mata madubin hangen nesa ya ga ashe taurari ne cunkus, yawansu da nisansu suka sa ido ke ganin su kamar hayaƙi.

Daga nan tambaya ta taso. In Farar Hanya taurari ce, su waɗannan 'yan girgije fa? A 1755 Immanuel Kant na Jamus ya yi hasashen cewa kowannensu wata Farar Hanyar ce mai zaman kanta, can nesa. Hasashe ne kawai, ba shi da abin aunawa.

Wanda ya fara jera su ma ba don yana son su ya yi ba. Charles Messier na Faransa mafaraucin taurari masu wutsiya ne, su kuwa 'yan girgijen nan suna ruɗa shi, ya yi zaton ya yi kamu ashe ba haka ba. Sai ya shiga rubuta su da lamba don ya riƙa kauce musu. Zuwa 1781 ya tara 103. Ɗan girgijen Assufi shi ne na 31, shi ya sa har yau ake ce masa M31. Taurari masu wutsiyar da ya gano ba kowa ke tuna su ba, jerin abubuwan da suka dame shi ne ya riƙe masa suna. William Herschel da ƙanwarsa Caroline a Ingila suka ɗora, shi yana kan madubi yana faɗa, ita tana zaune cikin sanyi tana rubutawa, har suka tara kusan 2,500. Da fari Herschel ya yarda duk taurari ne. A 1790 ya ga wani tauraro guda da hazo mai haske ya kewaye shi, sai ya fara ja da baya. Ya rasu a 1822 maganar ba ta warware ba, shekara biyu kafin Clapperton ya iso Sakkwato.

Siffa ta fara bayyana ne a 1845, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wani basarake a ƙasar Ailan, William Parsons, mai sarautar Rosse, ya gina madubin hangen nesa da faɗin fuskarsa ya kai ƙafa shida, an zuba shi da jan ƙarfe da kuza, an rataye bututunsa tsakanin bangaye biyu na dutse. Babu irinsa a duniya lokacin. Da ya juya shi kan M51 sai ya ga abin a murɗe yake, hannuwa suna fitowa daga tsakiya suna kewayawa. Babu kyamarar da za ta iya ɗaukar wannan a lokacin, da hannu ya zana, yana tsaye a kan dakali mai tsawo cikin duhu. A shekarar ce kuma yunwa ta faɗa wa Ailan, aikin ya tsaya kusan shekara uku.

Aka shiga ƙarni na 20 ana da hotunan murɗaɗɗun girgije masu yawa, ba a san nisansu ba. Mabuɗin ya fito daga hannun wata mata, Henrietta Leavitt, ɗaya daga cikin matan da cibiyar falaki ta Harvard a Amurka ta ɗauka suna duba hotunan gilashi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tana da matsalar ji. Akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa ya ragu a kan ƙa'ida, kamar numfashi. A 1912 ta nuna, daga guda 25 da ta auna, cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye ɗaya shi ya fi haske na ainihi. Ka tsaya bakin hanyar Illela da dare ka hango fitila can nesa. In ka tabbata ta babbar mota ce ba ta babur ba, dusashewarta kaɗai ta isa ta gaya maka nisanta. Abin da Leavitt ta bayar ke nan, hanyar sanin wace irin fitila ce. Ta rasu a 1921 ba ta ga inda aikinta ya kai ba.

Ranar 26 ga Afrilu 1920 aka zaunar da manyan masana biyu a birnin Washintan su yi muƙabala. Harlow Shapley ya ce Farar Hanya ita ce kusan komai, 'yan girgijen nan a gefenta suke. Heber Curtis ya ce a'a, kowannensu tsara ne gare ta. Aka tashi kowa yana kan bakansa. Wanda ya raba gardamar shi ne Edwin Hubble, da madubi mai faɗin inci 100 da ke kan Dutsen Wilson a Kalifoniya. A daren 5 ga Oktoba 1923 ya ɗauki hoton Andiromeda, ya gano irin tauraron nan na Leavitt a ciki, mai zagayen kwana 31 da 'yan awoyi. Ya yi lissafi ya samu nisan shekarar haske wajen 900,000. Shekarar haske awon tazara ce, nisan da haske ke ci a shekara guda yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kilomita tiriliyan tara da rabi. Ko a mafi girman ƙiyasin Shapley, Farar Hanya ba ta kai can ba. Labarin ya fita a jarida a Nuwamba 1924, aka karanta takardarsa gaban masana ranar 1 ga Janairu 1925. A wajenmu 1924 ita ce shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ya rasu, Marafan da ya kafa Gwadabawa. Awon Hubble ma ya gaza, daga baya aka gyara: nisan Andiromeda shekarar haske miliyan biyu da rabi ne.

A nan nake son mu dakata, don nan ne aikin ya shafe mu. Abu uku ne mabambanta, mu kuwa sau da yawa da kalma ɗaya muke kiran su, "tarin taurari". Na farko sura, taurarin da ido ya haɗa ya ga kamar kifi ko kunama, alhali ba abin da ya haɗa su. Na biyu gungu, irin Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda da gaske tare aka haife su, nisansu shekarar haske ɗari huɗu da 'yan kai, a cikin gidanmu suke. Na uku shi ne galaksi. Ni dai garke nake ce masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Illela ya san garke: dabbobi birjik, wuri ɗaya suke, tare suke motsi. Garkenmu, Farar Hanya, yana da taurari aƙalla biliyan 100, faɗinsa shekarar haske wajen 100,000, rana kuma ɗaya ce daga cikinsu, tana can nisan shekarar haske kamar 26,000 daga tsakiya. Muna ganin sa kamar zane ne saboda a cikinsa muke, ta gefe muke leƙen sa. Wanda ke da kalmar da ta fi garke ya kawo, zaure ne.

Da Hubble ya tabbatar garkuna ne, sai ya koma rarraba su. A 1926 ya fitar da tsarinsa bisa hotunan guda 400, a 1936 kuma ya zana shi a littafi da siffar wani ƙarfe mai baki biyu da makaɗan Turai ke daidaita sauti da shi. Mu da ba mu san wannan ƙarfe ba, gwafa ce kawai, a kwance.

A kan mariƙin gwafar ya jera mulmulallu, waɗanda ba su da hannuwa, haskensu sumul. Ya ba su harafin E da lamba daga 0 zuwa 7. E0 kamar dunƙulen fura yake, E7 ya miƙe kamar ƙwallon dabino. Lambar lissafi ce: in faɗin garken rabin tsawonsa ne, E5 ke nan. A daidai inda gwafa ta rabu ya ajiye wani iri mai faɗi da tudu a tsakiya amma babu hannuwa, S0, kamar masa. Reshen sama na murɗaɗɗu ne, kuma ban ga abin da ya fi faifai kama da su ba. Dubi yadda mai saƙa ke farawa daga cibiya tana naɗawa tana fita. In ka fuskance shi ka ga da'ira da naɗinta, in ka karkata shi ya zama kamar ƙwai, in ka dube shi ta baki ya zama siririn layi. Haka garkunan nan suke a hoto, kuma rabin wahalar mai rarrabawa ita ce gane cewa faifai ɗaya ne aka karkata. Sa shi ne mai babbar cibiya da matsattsen naɗi, Sc mai ƙaramar cibiya da sakakkun hannuwa, Sb tsaka-tsaki, nan Andiromeda take. Reshen ƙasa su ma murɗaɗɗu ne, sai dai wata sanda ta taurari ta gitta cibiyar kamar an ɗora muciya, hannuwan daga bakunanta suke fitowa: SBa, SBb, SBc. Garkenmu mai muciya ne. 'Yan kaɗan da suka ƙi shiga ko'ina, kamar hatsin da aka watsa wa kaji, ya ware su gefe ya ce marasa tsari.

Siffar tana da ma'ana. Murɗaɗɗu suna da iskar gas da ƙura, a hannuwansu ake haihuwar sababbin taurari masu zafi, shi ya sa suke shuɗi-shuɗi. Mulmulallu sun ƙarar da nasu, tsofaffin taurari ne suka rage, launinsu ja-ja.

Ga kuma inda suna ya yi aikinsa na linzami. Hubble ya kira na wajen mariƙi "na farko", na bakin rassa "na baya". Ya yi gargaɗi cewa wurin zama a jeri yake nufi, kada a ɗauka shekaru ne. Wa ya saurara? Mutane da yawa suka karanta gwafar kamar labari, daga hagu zuwa dama, wai garke yana farawa a mulmule ya girma ya yi hannuwa. Binciken baya ya nuna abin ya fi kusa da akasin haka: murɗaɗɗu biyu ne kan yi karo su cakuɗe, naɗin ya warware, su koma babban mulmulalle guda. Amma sunayen sun riga sun zauna. Har yau masana na cewa "na farko" ga garken da ya fi tsufan taurari, kowane sabon ɗalibi sai an yi masa bayanin kada ya yarda da kalmar. Gérard de Vaucouleurs, Bafaranshe, ya faɗaɗa tsarin a 1959 ya ƙara masu zobe da wasu rassa, bai iya tumɓuke waɗannan kalmomi biyu ba. Mu da muke rige-rigen ƙirƙirar kalma a Facebook mu ga an yi mana tafi, wannan ya ishe mu tsoro.

Wani abin lura, gwafar Hubble da littattafan zubenmu na boko sa'o'in juna ne. Gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki a 1933 aka yi ta, littafin Hubble 1936, Magana Jari Ce 1937. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro Bahaushe sararin sama. Sama da shekara hamsin ke nan. A ganina ba mu bi sawunsa yadda ya kamata ba. Ka ɗauki littattafanmu goma na yanzu, sama ba ta fitowa sai in za a yabi budurwa: wata daren goma sha huɗu, tauraruwa cikin taurari, shi ke nan an rufe. Alhali mu ne mutanen da duk ƙarshen Sha'aban ƙasa gaba ɗaya ke kasa kunne ta ji abin da masu duban wata suka kai Fadar Sarkin Musulmi.

Kuma ƙofar ba a rufe take ba. A 2007 wani ɗalibi a jami'ar Okasfod, Kevin Schawinski, ya zauna mako guda ya rarraba garkuna 50,000 da ido, ya ga ba zai iya da sauran ba, hotunan sun kusa miliyan. Shi da Chris Lintott suka zuba su a intanet da sunan Galaxy Zoo suka ce kowa ya taya. Mutane fiye da 100,000 suka shiga, tambayoyin kuwa irin waɗanda yaro zai amsa ne: sumul yake ko yana da hannuwa, ta ina ya murɗa? A cikinsu wata malamar firamare 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta ga wani baƙon abu kusa da wani garke ta tambaya mene ne, masana suka rasa amsa nan take, yau da sunanta ake kiran sa. Aikin yana nan ana yi, da waya ma ana shiga.

Ga mai son gani da idonsa, mu nan Tozai da kewaye Allah ya ba mu duhu, in an ɗan yi nisa da fitilun sola. Lokacin Andiromeda shi ne kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, a daren da babu wata. A tsakiyar Nuwamba, tsakanin ƙarfe tara da goma, ka nemi manyan taurari huɗu da suka yi murabba'i kusa da tsakiyar sama. Su ne masaukai biyu da malamai ke kira Fargu na gaba da Fargu na baya. Daga kusurwar arewa maso gabas ka bi jeri, tauraro mai haske ja-ja da za ka tarar shi ne Baɗnul Huti. Daga shi ka karkata arewa, wajen Ƙonni, ka wuce ƙananan taurari biyu. Ka ajiye waya minti ashirin tukuna, kuma kada ka zura masa ido kai tsaye, ka dubi gefensa kaɗan, sai ya fito.

Tsakiyar Farar Hanya kuwa sai da damina, Yuli da Agusta, ta kudu, daren da ruwa ya wanke sama. Akwai kuma wani ƙaramin garke maras tsari da ke maƙwabtaka da namu, Babban Girgijen Majalan. Daga nan yankin yana ɗagowa kamar digiri shida kacal bisa ƙasa ta kudu, wajen ƙarfe goma na dare a tsakiyar Janairu, daidai lokacin da ƙurar hunturu ta fi toshe wurin.

Wanda ya samu dama a makon nan ya zauna da wani dattijo ko tsohuwa, manomi ko makiyayi, ya nuna masa Farar Hanya ko ya kwatanta masa ita, ya tambaye shi me suke kiran ta. A rubuto mana sunan yadda aka faɗe shi, da sunan garin.